Dogonyaron Tashar Hansai

In ka bar Arlit ka nufi Agadez, kafin ka wuce mararrabar Dannet, za ka ga kangaye a hannun hagu da dogonyaro guda a tsaye. Yaran direbobin yanzu wucewa suke kamar iska, ko ƙaho ba sa yi. Allah ya shirye su. Wurin nan tasha ce da ta ci sunanta, kuma ni Fatahu na sha furarta har na yi tumbi.

Nuhu mutumin Tawa ne ya kafa ta, lokacin da uranium ke da daraja, manyan motocin kamiyo na bin juna a sabon gudro, wato kwalta. Shi yana facin taya, matarsa Hansai tana dafa shinkafa da wake. Babu rijiya a wurin, sai motar ruwa ta kawo. Duk da haka Nuhu ya dasa dogonyaro, muna ta yi masa dariya. Sai ya kafa doka: duk direban da ya tsaya, kafin a zuba masa abinci, ya kwance salkar da ke rataye a jikin motarsa ya ba iccen rabonsa. Mai rowa ya kwana da yunwa.

Daga baya kasuwar uranium ta faɗi, aka sallami ma'aikata, motoci suka ragu. Fari ya biyo baya. A shekarar ne Nuhu ya rasu, aka binne shi a gindin iccen. Hansai ta ci gaba da riƙe tashar ita kaɗai, har tawaye ya tashi, aka ce ba mai bin hanya sai a ayari da rakiyar soja, kuma ba tsayawa. 'Ya'yanta suka ɗauke ta da ƙyar suka kai ta Arlit. Can idonta ya mutu.

Duk lokacin da na je gaishe ta, maganar ɗaya ce.

"Fatahu, ka ga iccen?"

"Na gan shi, Inna."

"In ya bushe, masu neman itace za su sare shi, rairayi ya rufe wurin. Shi ke nan ba mai sanin inda Nuhu yake kwance."

Gaskiyarta. Ni kuwa ina ganinsa ta taga duk wucewa, ganye na zuba, rassan sama sun yi fari. Abin ya dame ni ƙwarai, na faɗa wa Amumun, tsohon direba Buzu wanda motarsa ke gaban ayari. Ya gyara rawaninsa kawai.

Tafiya ta gaba, da hantsi, muna isowa daidai tashar sai motar Amumun ta yi tari ta mutu, ta gitta a tsakiyar gudro. Ayari duka ya tsaya. Shugaban sojan ya sauko yana kumfar baki.

"Wane iskanci ne wannan? Nan ne wurin tsayawa?"

"Ranka ya daɗe, mota ya gaji," in ji Amumun da Hausarsa ta Buzaye. "Ka ba shi ɗan lokaci." Ya shige ƙarƙashinta yana ƙwanƙwasa ƙarfen da lafiyarsa ƙalau.

Na kwance salkata, na juya sai na ga direbobi a bayana, kowa da tasa a kafaɗa, wasu da bido, wato jarka. Muka zuba har gindin ya yi taɓo, muka yi wa Nuhu fatiha. Sojan ya dube mu, ya dubi kabarin, ya kau da kai. Muna dawowa motar Amumun ta tashi da bugu ɗaya. Tun daga ranar ta koyi wannan ciwo, kuma a wuri ɗaya yake kama ta.

Da sabon toho ya fito, na tsinko reshe na kai wa Hansai. Ta shafa shi, ta ce, "Ba daga dogonyaron bakin asibiti ka tsinko ba, ɗan nan?"

"Haba Inna."

Ta ciri ganye ta sa a baki ta tauna. Fuskarta ta yamutse don ɗaci, hawaye na zuba.

"Na Nuhu ne," in ji ta. "Da ɗanɗanon salka."