Maƙoƙona Ya Tafi Hutu

Daren jiya mafarki ya kai ni asibitin koyarwa, inda ko a farke nakan je duk shekara in ba da aron wuyana. Ina da maƙoƙo, likitoci kuma sun ce nawa ya fi na cikin littafi kyau, shi ya sa ɗalibai ke jarrabawa a kansa. Har na bar aikin gwamnati ba a taɓa yaba mini haka ba.

A mafarkin, babban likita bunsuru ne da farar riga, yana tauna takardar tambayoyi. Ruwan sama na tashi daga kwata yana komawa gajimare, ba wanda ya kula.

Ɗalibar da aka ba ni sunanta Hansatu. Wannan ce damarta ta ƙarshe, in ta faɗi an kore ta. Ta tsaya a bayana yadda aka koya musu, ta ɗora yatsu a wuyana don ta ji motsin maƙoƙon.

"Baba, haɗiyi ruwa."

Na haɗiya. Shiru.

"Baba, ba komai a nan fa."

"Ya tafi hutu," in ji bunsuru. "Ba maƙoƙo, ba maki."

Sai ga mu a teburin mai shayi. Maƙoƙon na kan benci, ya harɗe ƙafa, yana hura shayi.

Na ce, "Malam, a dawo bakin aiki."

"Ba inda za ni. Kowa ya lallaɓo ta baya ya matse ni da hannu mai sanyi. Kai ake gaisarwa. Ni ko sannu."

Na ga yana da gaskiya.

Hansatu ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina wuni? Ya ɗawainiya?"

"To, alhamdu lillahi. Kwanan nan dai ina sa zuciyarsa gudu, ga gumi, ga rama." Haka ya yi ta zayyana mata komai, ita kuwa tana murza tafukanta don su yi ɗumi.

Ya koma mazauninsa. Na haɗiyi ruwa, ya yi sama ya sauko, har da 'yar yanga. Bunsuru ya cinye takardar sakamakon, wanda a can shi ne alamar an ci.

Ƙarar jarkokin mai ruwa ce ta tashe ni. Na shafa wuyana, yana nan. Na ce masa, "An tashi lafiya?"

Matata ta amsa daga bakin ƙofa: "Lafiya lau. Yau kuma an tuna da mu ke nan."