Taku Uku da Makarar Inna

Inna Suwaibatu ta rasu da hantsin Talata, kuma ni na kira Sha'ibu. Ita ta sa ni, tun wata biyu kafin nan, ranar da na je gaishe ta na iske ta kwance bisa tabarma, ƙafafu duk sun kumbura.

"Lawwali," ta ce, "in na tahi, ka kira abokinka. Ban ce shi zamna ba. Ko taku uku ne, shi ɗauke ni."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Bakina bai ko yi nauyi ba, don ina ganin ranar da sauran nisa.

Sha'ibu autanta ne, kuma abokina tun muna sakandare a nan Sheme. Tare muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Shi ke rubutawa, shi ke fitowa. Ni kuwa jan labule ne aikina, sai in an rasa mai fitowa ɗan sanda a maƙala mini hula. Kullum sai ya ce, "Kai dai Lawwali ba ka iya wasa ba, fuskarka ba ta iya ƙarya."

Lokacin da ƙwaya da kodin suka fara cinye mana samari, shi ya ja mu kasuwa-kasuwa, daga Tafoki zuwa Damari har Ƙanƙara. In ya fito a ɗan ƙwaya, yana layi yana zubar da yawu, sai ka rantse daga mashaya aka kamo shi. Wata tsohuwa a Damari har takalmi ta jefa masa. Kuma in an tashi wasa ba ya tafiya, sai ya zauna da waɗanda kowa ke gudu. A ƙarƙashin tirela ya tsinci wani matashi, Gide, ya bugu bai san inda kansa yake ba. Ya kai shi asibiti, ya sa shi a wasa, ya nema masa koyon gyaran babur. Yau Gide na da rumfarsa da matarsa da 'ya'ya uku.

Daga nan fim ya ɗauke shi zuwa Legas, mu kuma muka shiga tinƙaho da shi. Ko mai shayi sai ya ce shi ya saba haɗa masa.

Shekara huɗu da suka wuce, aka yi hira da shi, aka tambaye shi me ya hana shi aure. Da ya yi dariya ya ce lokaci ne bai yi ba, da an wuce wurin. Sai ya ce shi namiji ɗan'uwansa yake so, kuma ba zai ɗauko 'yar mutane ya cuce ta don a bar shi ya huta ba. Kafin magariba bidiyon ya shiga kowace waya a garin nan. Aka kankare hotonsa daga bangon ƙungiya. Wasansa kuwa har gobe ana yi, sunansa kawai aka cire. Ni ban daina kiransa ba, amma a wayata "Mai Taki" na rubuta a madadin sunansa.

Yana Abuja wurin aiki kirana ya same shi. Ya iso bayan la'asar, daidai ana daidaita sahu a ƙofar gida, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota. Babban wansa, Alhaji Badamasi, ya ɗaga murya ba tare da ya dube shi ba: "Kowa shi kame hannunshi, albarkacin mamaciya."

Ba wanda ya taɓa shi. Ba kuma wanda ya matsa masa. A ƙarshen sahu ya tsaya, da gurbin mutum guda tsakaninsa da na kusa.

Kowa ya san yadda ake ɗaukar makara. Kusurwa huɗu gare ta, kuma ba mai riƙewa ya daɗe. Ka yi 'yan taku, wani ya taɓa kafaɗarka, ka zame ya shiga. Ko ba kwa ga maciji da shi, in ya taɓa ka sai ka ba shi. Baƙo ma kan ajiye babur a bakin hanya ya zo ya samu lada.

Da aka ɗaga Inna, Sha'ibu ya nufi kusurwar gaba. Kafin hannunsa ya kai, Gide ya riga ya sa kafaɗa. Ya koma baya, Yahya tela, shi ma ɗan ƙungiyarmu, ya shige gabansa. Da ido suke magana, wannan na fita wancan na shiga, ba a barin ko tazarar tafin hannu. Na gane salon: Sha'ibu ne ya koya musu shiga da fita a fage ba tare da 'yan kallo sun lura ba. Sun kuwa koya da kyau, 'yan albarka.

Na ce a raina, to ai abin mai sauƙi ne. Ni zan karɓa, in ba shi. Da muka wuce injin niƙa na taɓa Yahya, ya zame, na ɗauki kusurwar dama ta baya.

Ban yi taku biyar ba na ji yatsun Sha'ibu a kafaɗata.

Na ɗaga ido. Alhaji Badamasi na dubana. Surukina na dubana. Ga iyayen yaran da nake koyarwa, ga mahaifin yaron da ke neman ɗiyata Rukayya, yana tafe yana jan carbi. Duk Sheme ta san wa ya kira shi. Jira ake a ga ko ni ma nasa ne.

"Lawwali," ya ce a hankali daidai kunnena. "Taku uku."

Na sunkuyar da kai, na ƙara ƙarfin salati. Katakon na cin kafaɗata, ina jin yatsunsa, ina ce wa kaina a bishiyar can zan ba shi. Muka wuce bishiyar. Na ce a ƙofar maƙabarta. Muka shiga. Ban san lokacin da ya janye hannunsa ba. Tunda nake ban taɓa riƙe makara tsawon haka ba, kuma ban sake ta ba sai a bakin kabari.

Da aka shafa fatiha, Alhaji Badamasi ya kama hannuna da hannu biyu. "Allah shi yi maka albarka, Malam Lawwali. Ka riƙe Inna kamar kai ta haihwa." Mutane suka ce amin. Ni ma na ce amin.

A bakin titi na iske Sha'ibu, ya buɗe ƙofar mota. Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai ya tsaya yana kallon fuskata, irin kallon da yake yi wa sabon ɗan wasa.

"Ashe ka iya wasa, Lawwali," ya ce. "Shekara ashirin ina yi maka ƙazafi."

Ya shiga ya ja motarsa ya nufi Funtuwa. Kafaɗar ta yi kwana huɗu tana ciwo, matata na gasa mini da ruwan zafi tana gaya wa maƙwabta irin ladan da na samu.