Jan Biron Edita

Malam ya shekara talatin yana duba littattafan ɗalibai da jan biro, don haka babu mai gaya masa ma'anar jan layi. Da ya yi ritaya sai ya zauna ya rubuta littafi a kan marigayiya matarsa, shafi ɗari biyu, ya ɗauko shi ya taho taron marubuta. Burinsa ɗaya ne, a buga shi.

Zauren taron ya cika shi da mamaki. Ga mutanen da ya saba ganin sunayensu a bangon littafi suna bin layin shayi kamar kowa, wani ma yana cigiyar cokali. Malam, wanda da ido kawai yake tsawata wa aji guda, sai ga shi rungume da jaka yana gaida kowa sau biyu.

A rana ta biyu aka kira shi wani ƙaramin ɗaki wurin Edita, wata tsohuwa mai kaurin tabarau, wadda aka ce littafi ya fi ɗari ya bi ta hannunta. Tun jiya ta karɓi babi uku nasa. Ta turo masa su a kan tebur, ya buɗe. Ja ko'ina. Inda matarsa ke masa tsiya kan yadda yake ninke jarida, an ja. Inda take cewa ya daina yi wa likita darasi ya bar mutum ya yi aikinsa, an ja. Dogayen bayanansa kuwa kan haƙuri da zaman aure, ko ɗigo babu.

Kunya ta kama shi, da baƙin ciki. Ya fara tattara takardun.

"Na gode, Hajiya. Zan cire duk inda kika ja. Dama surutun gida ne."

Edita ta sauke tabarau ta dube shi. "Malam, koyarwa ka yi, ko?"

"Shekara talatin."

"Shi ya sa. Ni ba kuskure nake ja wa layi ba. Inda na ji mutum yana numfashi nake ja."

Ta jawo shafi ɗaya ta karanta a hankali, har da ɗan tsayawar nan da marigayiyar ke yi kafin ta soki mutum da magana. Malam ya ajiye takardun da ya tattara. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin matarsa ba, amma ga muryarta ta fito da ita daga takarda, bayan shekara huɗu bai ji ta ba. Ya kasa ɗaga kai.

"Ka zubar da wa'azin, ka kawo min jan," in ji Edita. "Zan buga."

Malam ya share ido da bayan hannu. "To ai littafin ya zama nata kenan."

"Dama nata ne," ta ce, ta miƙa masa jan bironta.