Golmo a Cikin Yashi

"Ɗaga ƙafarka daga totur," in ji Leah. "Binne mu kake yi."

Gabriel ya ƙara takawa. Tayoyi huɗu suka watsa yashi, jif ɗin ta nutse har cikinta ya zauna. A tsakiyar busasshen rafi suke, kan hanyar Ribah, ga rufin gidan mahaifinta ana hangowa a tsallake.

Motar ta ogansa ce, ya aro ta daga Kaduna don ya burge tsohon. Tun a Zuru Leah ta ce su hau babur, ya ƙi.

A wajen su Leah saurayi yakan yi shekaru yana noma wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Golmo ake ce wa wannan. Gabriel kuwa a barikin Legas ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba. Saja Japhet, mahaifin Leah, ya ce sau ɗaya zai saurare shi, kuma yau ce ranar.

Gabriel ya fito, ya ɗaga sabuwar wayarsa sama yana neman sabis. Babu.

Sai ga tsohon ya gangaro da kujera a hannu ɗaya, fartanya a ɗayan. Ya jefa fartanyar gaban motar, ya zauna a inuwa.

"Barka da rana, Baba," in ji Gabriel, ya durƙusa.

"Barka. Wannan ce motar da ba ta kafewa?"

Leah ta matsa kusa. "Baba, shanun huɗarka suna gida. Ja ɗaya za su yi mata."

"Sun gaji."

"Gajiyar me? Ko ruwan fari bai sauka ba!"

"Na ce sun gaji, ɗiyata."

Gabriel ya tuɓe kwat. Ya haƙe gaban tayoyi, yashin ya koma. Ya sake haƙewa. Leah ta rage wa tayoyin iska da tsinke, ta kwaso karan dawa ta jera a ƙarƙashinsu, tana tsaki. Gabriel ya tayar, motar ta yi tsalle, ta tauna karan, ta koma raminta.

Rana ta karkata. Farar rigarsa ta zama ja, tafin hannunsa ya fashe. Tsohon ya ci gyaɗa, ya ɗan yi gyangyaɗi. Da ya farka ya dubi hannun.

"To, Leah, je ki koro shanun."

"A bar su, Baba," in ji Gabriel, bai ɗago ba. "Sun gaji."

Leah ta dafe kai. "Ya Yesu! Da ɗaya nake fama, yanzu kun zama biyu."

Wannan karon Gabriel ya ɗaga motar da jak a kan faffaɗan dutse, ya cike ramukan da duwatsu da rassa, ya taka totur a hankali. Jif ɗin ta yi nishi, ta rarrafa, ta hau gaɓa.

Ya sauko yana haki, ya miƙa fartanyar da hannu biyu, ya fara jawabin da ya hardace tun daga Kaduna. "Baba, na zo ne a kan maganar..."

Tsohon bai karɓa ba. Ya ɗauki kujerarsa.

"Riƙe ta," ya ce. "Gobe da safe akwai sharar gona. Ka zo a ƙasa."