Fiƙar Kyari Baduku

A shekarar da damina ta yi gardama har gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba, babu abin da ya yi araha a Damagaram sai fata. Dabbobi na faɗuwa a kan hanya, masu su na feɗewa su kawo kasuwa, majema har sun gaji da saye. Kyari baduku na unguwar Birni ya sami fatar da bai taɓa samu ba tun da ya gaji sana'ar, sai dai babu mai sayen jaka ko takalmi. Wa zai yi wa ƙafa ado cikinsa na kuka? Ga iyaka a rufe, fataken Kano da ke kwasar kayansa sai ɗai-ɗai suke shigowa ta ɓarauniyar hanya.

Gidansa kuwa ya cika. Ƙanwarsa Kellu ta taso daga Dakusa da 'ya'yanta, mijinta ya yi kudu neman abinci, shiru kake ji. Duk bakunan nan hannun Kyari suke kallo. To, a wannan tsakanin ne haƙori ya ga ya dace shi ma ya tayar da nasa rikicin.

Ba ma kowane haƙori ba, fiƙarsa ta sama, ta dama. Da ita yake riƙe zaren fata, da ita yake jan ɗinki ya ɗaure tam, tun yana saurayi, har zaren ya ci mata gurbi. Ya sa kanumfari, ya sa jar kanwa, ya cusa garin taba, duk a banza. Kumatu ya kumbura, kumburin ya haura har idon dama ya koma ɗan tsagi.

Abin da ya hana shi zuwa likita ba tsoron zafi ba ne. Mutanen gidansu sun tashi da sanin cewa jijiyar fiƙar sama a ido take ɗaure, in aka cire ta ido sai ya bi ta. Kuma ba a bakin wani Kyari ya ji ba. Wanzami ya cire wa mahaifinsa, tun daga lokacin idon tsohon ya fara hazo, ya ƙare da sanda. Ko mene ne ya makantar da shi, Allah ne masani, amma je ka gaya wa Kyari haka ka ji.

Matarsa Aisa ce ta gaji. Ta ce, "Maigida, idon da kake tattali ai ga shi nan yana rufewa da kansa. Don Allah ka tashi ka je."

Ya je, hannu a kan baki. Mai duba haƙori a lokacin wani matashi ne, Lokotoro Alkasum, wanda ya yi karatu a Dakar amma bai manta daga gidan da ya fito ba. Kyari bai ko zauna ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ka duba, amma kada ka cire."

"Baba, wa ya ce maka cirewa zan yi? Zauna tukuna."

Ya ɗauko wani tsohon haƙori da aka raba biyu, ya nuna masa siririyar hanya da ta ratsa cikinsa har saiwa. Ya ce, "Ciwonka a nan ciki yake. Ka san yasar rijiya? Ba a rushe ta, ruɓaɓɓiyar laka ake kwashewa. Haka zan yi. In huda, in kwashe abin da ya ruɓe, in wanke, in toshe. Haƙorinka yana nan a bakinka." Sannan ya miƙa masa ɗan madubi. "Riƙe, ka yi ta kallon idonka. Ka ga duhu ko kaɗan, ɗaga hannu, ni kuma in tsaya."

Aka yi masa pikir, allurar kashe zafi, leɓe ya yi nauyi. Inji ya yi ta kuka a cikin kansa, Kyari ya ƙanƙame madubi har gumi ya jiƙa shi, amma duhu bai zo ba. Da ya ga siraran alluran da Lokotoro ke zurawa cikin haƙorin yana murzawa a hankali, sai baduku ya motsa a cikinsa, ya ji yaron nan ya burge shi. Mugunya ta fito da warinta, nauyin da ya danne masa fuska ya sauka. Hawaye suka zubo masa don daɗi, bai ji kunya ba.

Lokotoro ya cusa auduga mai magani, ya shafe bakin ramin da wani farin ƙulli. Ya ce, "Wannan murfin wucin gadi ne, Baba. Cikin haƙorin fanko ne yanzu, kada ka ciji komai da shi. Ka sha ƙwayoyin nan, ka dawo mako mai zuwa in ƙarasa."

Mako mai zuwa ya tarar da ƙofa a kulle. Ƙyanda ta ɓarke a sansanin mutanen da yunwa ta koro bakin gari, an kwashe duk mai farar riga an kai can, har mai duba haƙori. Majo, shugaban masu jinya, ya ce ya dawo wani makon. Ya dawo, aka sake ce masa wani makon. Kyari bai ga laifin kowa ba, don shi ma yana ganin ƙananan gawawwakin da ake wucewa da su a tabarma.

Aiki kuwa bai jira ba. Ya koma jan zare da fiƙar hagu, ɗinki ya riƙa fitowa sako-sako. Habibu Bakano, falken da ya rage masa, ya juya wata jaka ya ce, "Malam Kyari, wannan kai ka ɗinka ko maƙwabci?" Maganar ta ci masa rai. Ran nan da hantsi yana ɗinki, autar Kellu na ta kukan yunwa a tsakar gida, hankalinsa ya tafi can. Baki ya yi abin da ya saba ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Ya ja zare, ya ji ƙas.

Da Lokotoro ya dawo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya duba haƙorin, ya sake dubawa.

"Baba, ya tsage har saiwa. Babu abin da zan toshe. Sai an cire."

Kyari ya kai hannu ya shafa idonsa na dama.

"Wallahi babu abin da zai sami idonka. Na cire irinsa ba adadi, masu su suna nan suna gani. In ka bar shi ne ma ruɓar za ta haura. Na taɓa yi maka ƙarya?"

"Ba ka taɓa ba."

"To?"

"Na ji. Ka ba ni zuwa jibi."

Lokotoro ya ji daɗi, a ganinsa ya kwantar masa da hankali. Kyari kuwa ya yarda yaron nan ba maƙaryaci ba ne, ya dai ɗauka bai sani ba ne. Tun a hanya ya fara shirin makanta kamar mai shirin tafiya.

Dukiyarsa guda ce a duniya: ƙarafan buga ado da kakansa ya zo da su daga Barno, kowanne da irin furensa. Su ne suka sa ake gane jakar Kyari daga nesa, kuma babu maƙerin da ya rage a garin da zai ƙera irinsu. Habibu ya daɗe yana maitarsu. Kyari ya naɗe su a fatarsu, ya haɗa da wuƙaƙe da basilla, zai kai wa Habibu ya saya.

Aisa ta tare ƙofa tana kuka. "Maigida, ka bari mu gani tukuna mana."

"In na makance ya san ba ni da zaɓi, ko rabin abin da zai bayar yau ba zai ba ni ba. Kuma gobe yake tafiya. Yaran nan ƙarfe za su ci?"

Ta matsa daga ƙofa, don ita ma a ranta ta riga ta ga mijinta da sanda. Kafin la'asar buhunan gero suka shigo gidan a kan jaki, turmi ya yi ƙara, yara suka kewaye shi. Washegari Habibu ya bi daji ya nufi Kano. Kyari ya wuni yana kallo. Ya kalli duwatsun Birni, ya kalli tafin hannunsa, ya kalli Aisa har ta tsargu ta juya baya.

Cirewar ba ta ɗauki lokaci ba. Kyari ya runtse ido gam, yana ta salati a zuci.

"Baba, an gama. Buɗe."

Ya buɗe. Ga fitila, ga taga, ga Lokotoro yana dariya da jajayen idanunsa na rashin barci. "Ban gaya maka ba?" Kyari ya yi godiya da auduga a baki, ya ce a ransa na mahaifinsa ma a hankali ya zo.

Ya koma gida yana jiran hazo. Kullum da safe Aisa ta tambaye shi, "Yaya idon?" Ya ce da sauƙi. Kumburi ya sace, dasashi ya warke, idon dama ya buɗe tar, ya fi da ma. Sai da wata ya juya sannan ya daina jira, kuma ranar da ya daina, baƙin cikin da ya kama shi ya fi na ciwon. Ya ari basilla a maƙwabta, ya ɗinka jakunkuna da hagu, ba fure ba ado. Ya kai kasuwar Dole, aka ɗaga aka ajiye, babu wanda ya ko taya.

Aisa ta daina tambayar ido. Wata safiya ta fito da buhun ƙarshe, ta kama gindinsa ta zazzage a faifai, Kellu na tsaye a kanta da goyo. Kyari yana zaune can bakin zaure kusa da tulin fata. Bai tashi ba, bai matso ba. Daga nan inda yake ya ga abin da ya rage, ƙwaya-ƙwaya.