Motar da Za Ta Ɗauko Dabo

…ai wannan ya tashi daga baƙin mai, Yaya Dabo, ya zama kwalta. Kankara nake yi kamar mai cire ƙanzo a gindin tukunya, sukudireba sai zamewa take yi, ga shi ta sake yanka ni. Jini. To sha, shegiyar mota, sha, ai ba yau kika fara shan jinin gidan nan ba. Kwanon nan na ƙarƙashin inji shi kaɗai ya rage mini. In wanke shi, in ɗaure, in zuba mai, in sa fanbel, in murɗa makulli. Sauran duk na gama, fistin da ringi da fulogi da ƙarafan da na yi ta yawon nema har Kano — duk saboda kai. Saboda taurin kanka. Saboda bakinka da bai iya haɗiye magana ba.

Fijon Baba. Fijon Alhaji Maiturare, wadda in ta doso gari ƙamshi ke riga ta isowa. Cewa ya yi ya sayar da ita a Damagaram, ni kuwa na yarda, wa ya isa ya ce bai yarda ba? Ashe tana nan. Nan, a ɗakin harawa na bayan gida, makulli a aljihunsa shekara ashirin da ɗoriya, har ranar da aka cire masa riga za a yi masa wanka. Ana gama sadakar arba'in Iya ta ce a buɗe ɗakin. Muka janye ruɓaɓɓiyar harawa, ga ta zaune a kan tayoyin da suka narke, ɓeraye sun cinye kujeru, zanzaro ya yi gini a sitiyari… kuma wallahi na buɗe ƙofa turarensa ya buge ni. Shekara ashirin! Mutum ya mutu warinsa bai mutu ba. Ban san sanda na ɗauki guduma ba. Fitilar hagu na samu. Tas! Ban kuma saya mata wata ba, haka za ta zo maka, da ido ɗaya.

Kankara, Suhaibu, kankara, rana tana yi.

Ka tuna da shanu aka jawo ta? Ranar kasuwar Mai'adua. Ya fita da babbar riga yana ɗaga wa mutane hannu, ko gonar liman bai wuce ba injin ya buga, ƙara kamar ana dakan ƙarfe a turmi. Shanun huɗa biyu suka jawo Alhaji Maiturare gida, yara na biye suna ihu. Ina ganin fuskarsa na shige bayan rumbu. Bai yi tambaya ba. Me zai tambaya? Kowa ya san wanda ke laɓaɓawa ya zauna a kujerar direba yana murɗa sitiyari yana vuuu da baki. Ya buɗe bonet, ya kwance fanbel da zafinsa — ya ɗaure ka a turken rago — na farko a gadon baya, na biyu, kana cewa Baba wallahi, Baba na rantse, a kawo Alƙur'ani in dafa — riga ta tsage, fata ta tsage, ƙuda har sun fara sauka shi bai gaji ba. Sai ka juyo. Don me ka juyo? Wa ya ce ka juyo? Robar ta naɗe fuskarka, na ji wani ɗan sauti, ɗan ƙarami, fus… abin ya gangaro kumatunka fari da ja. Har yau ba na iya fasa ƙwai.

Iya kuwa tana bakin madafa da muciya a hannu. Tsaye. Ko uffan.

Matsa, kai ƙadangaren banza, ko in murƙushe ka.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce fa. Gari ya ɗauka, kowa alƙali, kowa hukunci. Kawu Mati ya zo daga Daura yana huci, ya ce uba ne ko ba uba ba sai an je gaban alƙali, a rantsar da kowa, a ji wanda ya kashe mota da wanda ya kashe ido. Iya ta zube ta kama ƙafafunsa. A rufa asiri, Mati, don girman Allah a rufa asiri. Na ce tsoron Baba take yi. Duk tsawon shekarun nan abin da nake ce wa kaina ke nan, tsoro ne, mace ce, ina za ta sa kanta? Kai kuma ciwo na kamewa ka ɗaura tsumma a fuska ka tsaya a tsakar gida ka ɗaga yatsa sama: wallahi tallahi ƙafata ba ta ƙara taka gidan nan sai motar da aka ce na kashe ta je da ƙafarta ta ɗauko ni. Ka tsallaka Kwangwalam ka shige Nijar. Ni Kawu ya tafi da ni Daura ya kai ni gareji, na zama bakanike, abin dariya, ɗan gidan da mota ta rusa ya ƙare a ƙarƙashin mota.

An faɗa maka akwai kaffara. Malamai nawa? Ka ciyar da miskinai, rantsuwa ta warware, ka zo ka ga uwarka. Ka ce a waya, da muryar nan taka mai sanyi da ke sa ni jin kamar in shaƙe ka, kai ba ka yi rantsuwar da za ka saye ta da tuwo ba. Baba ya mutu ba ka zo ba. To ga Iya a kwance, Yaya. Ƙafa ta kumbura, hankali yana zuwa yana tafiya, Haulatu ƙanwarmu ke juya ta tana ba ta koko da cokali. Ba za ta kai kaka ba, ni na san ba za ta kai ba. In ta farfaɗo magana ɗaya ce: Suhaibu, ka tashi motar nan ka ɗauko mini Dabo. Kai da hannunka, kada ka ba yaran gareji. Ka buɗe ko'ina, ka duba ko'ina…

Mene ne wannan kuma?

Ba ƙarfe ba ne. Sukudireba ta nutse a ciki. Mushen ɓera? Ta ina ɓera zai shiga kwanon mai? Dunƙule ne, kamar goro, manne a lungun da famfon mai ke zuƙa. Kawo fetur. Wanke. Ƙara wanke. Tsumma ne… ƙyalle ne, an ƙulle bakinsa.

A'a.

A'a, a'a. Ajiye shi, Suhaibu. Jefar da shi cikin harawa ka ɗaure kwanonka.

Ƙulli biyu, a lanƙwasa jelar a soke ta ciki. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan ƙullin. Haka take ƙulle daddawa. Haka take ƙulle kanwa a bakin zane. Haka ta ƙulle maganin shawara ta rataya mini a wuya, na yi ta cizo da haƙori ban iya kwancewa ba. Ga shi yanzu ma ya ƙi, sai da reza. Yashi. Yashi ne da kanwa da wasu saiwoyi da suka zama baƙi, rabi ya zube tun tuni ya bi mai ya shiga kowace gaɓa ta injin ya cinye ta. Yashi a cikin inji! Ko maƙiyi sai haka.

Daura… ana saura kwana kaɗan injin ya buga. Iya ta ce wa Baba za ta dubo Kawu Mati, ta riƙe hannuna, muka biya rijiyar Kusugu ta cika ɗan gora da ruwa. Daga nan wani lungu, wani zaure mai warin hayaƙi, wani tsoho da tarkacen ƙwarya a gabansa. Ni ina wasa da ƙasa a bakin ƙofa. Ta yaye mayafi ta nuna masa bayanta, na ga ya kau da kai. Ki sa masa a cikin abin da ya fi ƙauna, in ji tsohon, ki bi da ruwan, zuciyarsa za ta yi sanyi, hannunsa zai sauka daga kanku. Abinci yake nufi, Iya! Fura yake nufi, ko miya, ko shayi! Amma ke kin san mijinki. Kin zauna kin yi tunani, me Alhaji ya fi ƙauna? Ba fura ba. Ba ke ba. Ba mu ba. Kullum da safe kina leƙe ta katanga kina ganin ya ɗaga bonet ɗin Fijo ya murɗe murfi ya ɗura mata abu a baki yana shafa ta. Kika ce nan ne bakinta.

Don ya daina dukanmu. Innalillahi. Don ya daina dukanmu ta yi.

To da ya ɗaure ka fa? Da ya ɗaga na farko fa? Kalma biyu, Iya. Ni ce. Ni ce, Alhaji. Da ya kashe ki, na sani, da ya kashe ki a wurin da muciyar hannunki — to sai me? Sai me! Ke uwa ce ko ba uwa ba? Akuya ma in an taɓa ɗanta tana kawo karo. Kina tsaye ɗanki yana kiran Alƙur'ani, kin san gaskiya yake faɗa, ke kaɗai a duk faɗin duniya kika sani, kika bar idonsa ya gangaro ƙasa kaji suna… A rufa asiri! Asirin wa? Ashe ba alƙali kike jiye wa Baba ba. Rantsuwar kike tsoro, kada a miƙo miki Littafi a ce dafa.

Ga shi can a ƙusa. Tun ranar da muka buɗe ɗakin nake ganinsa ina kau da kai. Baba bai jefar ba, rataye shi ya yi, tsohon fanbel ɗin, ya bushe ya yi tauri, wajen tsakiya akwai inda ya fi sauran duhu. Yaushe na sauko da shi? Ga shi a hannuna, na naɗe shi sau biyu yadda yake naɗewa. Ƙafata tana tafiya. Tsakar gida, turken yana nan, wallahi turken yana nan. Ƙofar ɗakinta. Labule. Kuma daɗi nake ji, wannan ne abin tsoron, wani daɗi mai zafi yana hawowa daga ciki — haka yake ji ke nan? Haka Baba yake ji?

Numfashinta. Kamar ana jan tsumma a ƙasa. Ƙafar nan da ta kumbura ta leƙo daga bargo, duk tsohon tabo a ƙwauri, layi-layi, irin naka.

Koma. Koma, ɗan Alhaji Maiturare, kafin Haulatu ta fito ta ga abin da ke hannunka.

Ɗaure kwano. Noti, noti, noti, ja har sai ya yi kuka. Mai. Batir. Sabon fanbel… ya yi tsawo. Kai! Allah ya isa, na gwada wa mai shago tsawon da igiya, na ce na tsohuwar Fijo, ya ba ni wannan, ga shi yana lilo kamar wuyan rigar aro. Daura kuma? In koma Daura in dawo, gobe ke nan, ita kuwa wa ya ce tana da gobe? Sai tsohon nan. Sai shi ɗin dai. Shiga, la'ananne, koma inda aka ciro ka. Ya zauna daram, kamar jiya aka cire.

Ka buɗe ko'ina, ka duba ko'ina. Kai da hannunka.

Ta sani. Ta san yana ciki. Ba mota take so in tasa ba kawai, so take in gani. Bakinta ya kasa shekara ashirin, shi ne ta aike ni in tono da sukudireba, in ɗauka in kai maka, ni in faɗa. Ta sake laɓewa a bakin madafa ta tura ɗa.

Fetur kaɗan a kafireto. Bismillahi. Murɗa. Tari. Murɗa. Tashi, don ubanki, tashi! Wuta ta yi tsalle ta lashe mini gashin hannu, ƙauri, bar shi — totur — tari, tari — ta kama. Ta kama! Ɗakin duk yana rawa, baƙin hayaƙi, ɓeraye na tsere ta ƙarƙashin ƙafata, ƙura na zubowa daga rufi. Muryarta ce, Yaya, ita ce sak, wadda in mun ji daga nesa kowa ke neman maɓoya. Fanbel yana juyawa, inda ya bushe yana dukan ƙarfe, tas, tas, tas, tas…

Wa ke ihu?

Daga cikin gida ne. Ita ce. Matar da ko cokali ba ta iya ɗagawa, ji murya har nan, ta keta ƙarar inji:

“Alhaji ya dawo! Dabo, gudu! Gudu, ɗana, ni ce, ba kai ba ne, ni ce!”

Yanzu, Iya? Yanzu?

Haulatu tana kirana, tana cewa in kashe, in kashe motar nan tana firgita Iya, sambatu take yi. Sambatu. Haka za ta ɗauka, haka kowa zai ɗauka, ni kaɗai ne ƙullin ke tafin hannuna yana ɗiga. In na nuna maka, za ka shigo motar? In na ɓoye, ka zo ka durƙusa a gabanta kana neman gafara, kai, kai da ido ɗaya kana neman gafararta… Kwangwalam ba nisa. Man da ke ciki zai kai ni. Na gaji, Yaya, hannuna duk jini da baƙin mai, ban ma san wanne ne wanne ba.

Tana ta kiran sunanka. Yatsuna suna kan makulli. Ban kashe ba, ban kuma sa giya ba.