Injin Da Ba Ya Mantuwa

"Sunan allurar nake tambayarki, Maman Nusrat. Sunanta!" in ji Sista Patience, ma'aikaciyar jinya.

Kubura ta gyara 'yarta a kafaɗa, zafin jikin yarinyar na ratsa mayafinta. Ina za ta samo sunan allura? Ita dai ta san 'yar kwalba ce mai farin gari. Bara da aka yi wa Nusrat ita a asibitin nan, fuskarta ta kumbura, da ƙyar ta sha. Likitan wancan lokacin ya rubuta a kwamfuta, ya yaga tsohon katinsu yana dariya: "Ba sai kin riƙe a ka ba. Injin nan ba ya mantuwa."

"Sista, yana cikin injin can," in ji Kubura.

Sista Patience ta yi tsaki, ba don ita ba. Ga injin a ofishin kati, a kunne, sola na ba shi wuta. Amma lambar buɗe shi tana wurin mutum ɗaya tak, Malam Tanimu mai kati. Shekara biyu ana roƙonsa, ya hana. To, in kowa ya iya buɗewa, wa zai riƙa rusuna masa da safe? Yau kuma ya tafi Minna taron bita, wai a kan yadda kwamfuta ke kare majinyata. Kai, jama'a!

Sau biyar Patience ta kira shi, waya a kashe.

Numfashin Nusrat ya fara sarƙewa. Sabon likita ya ce ciwon huhu ne, ba a jira. Aka kawo kwalba.

"Wallahi irinta ce!" Kubura ta riƙe hannun Patience.

"Mama, kusan duka haka suke." Ta buɗe mata durowa, kwalabe reras, duk farin gari. Kubura ta duba har idonta ya yi ruwa. Ta kasa bambance su. Ta saki hannun.

* * *

Bayan sadakar ukun Nusrat, Kubura ta dawo asibitin daga garinsu, Tungan Magajiya, goye da Bilkisu, ƙanwar Nusrat. Malam Tanimu na kan kujerarsa, sabuwar jakar taron a gefe.

"Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah. Kwana ne ya ƙare."

"Malam, buɗe ka rubuto min sunan. Ina da wata."

Ya danna, ko minti ɗaya bai yi ba. Hoton Nusrat ya fito, jan rubutu a ƙarƙashinsa. Ya kwafe a guntun takarda bai ɗago kai ba.

Kubura ba ta iya karatu ba. Ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin zanenta, ƙulli biyu.